Fositiron a Bakin Ƙofa: Darasin Kimiyya da Harshen Hausa

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya ba kowannenmu aiki. Ya ce mu ɗauko wani batu daga fannin da ba namu ba, mu bayyana shi da Hausa ta yadda wanda bai taɓa jin sa ba zai gane. Yawancin 'yan ajinmu suka nufi shari'a da kiwon lafiya, domin a can an riga an share hanya, kalmomi suna nan a ƙamus. Ni kuwa tsautsayi ya sa na ba abokin ɗakina labari, shi kuma ɗalibin sashen Fizikis ne. Ya yi dariya, ya ce Hausa harshen ciniki ne da waƙa, in kuwa ina musu, to in fassara babin da yake karantawa a lokacin. Babin yana magana ne a kan yadda wata ƙwaya mai suna fositiron take hulɗa da ilektiron a fuskar sandararrun abubuwa.

Ban sha Hausa a nono ba. A aji na koye ta, sai kuma a bakin 'yan kasuwar Sabo. Watakila shi ya sa maganar ta yi mini zafi fiye da yadda za ta yi wa Bahaushe, wanda ba ya bukatar a tabbatar masa da darajar harshensa. Na karɓi babin, na yi ta damun abokin nawa da tambayoyi har na gane. Abin da ke biye shi ne abin da na fahimta, tare da kalmomin da na zaɓa da dalilin zaɓensu, domin 'yan uwana ɗalibai su duba, su gyara inda ya karkace.

Ilektiron da kishiyarsa

Duk abin da ido ke gani ko hannu ke taɓawa, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Kowace zarra tana da cibiya mai nauyi a tsakiyarta, sannan ga wasu ƙwayoyi marasa nauyi da suke kewaye da cibiyar, su ne ilektiron. Tafiyarsu a cikin waya ita ce wutar lantarki. Caji iri biyu ne, kamar yadda muke gani a kan batir: mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Zan kira su cajin tarawa da cajin ɗebewa. Cibiyar zarra tana da cajin tarawa, ilektiron yana da cajin ɗebewa. Ƙa'idarsu guda ce, kuma duk wannan darasi a kanta ya tsaya: masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji daban suna jan juna.

A shekarar 1928 wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Paul Dirac, ya fitar da wani lissafi da ke bayyana halin ilektiron. Lissafin ya zo da amsa biyu, ɗaya ta ilektiron da aka sani, ɗaya kuma ta wani abu da ba wanda ya taɓa gani. A 1931 Dirac ya ce lalle akwai wata ƙwaya mai nauyin ilektiron daidai, amma cajinta na tarawa ne. A 1932 Carl Anderson, a Kalifoniya ta Amurka, ya ɗauki hoton sawun wannan ƙwaya a cikin wani akwatin tururi da ya sa tsakanin maganaɗisu. Sawun ya karkata ta ɓangaren da ilektiron ba zai taɓa bi ba. Ya sami lambar Nobel a 1936 saboda wannan.

Game da sunan, na bi al'adar aron kalmomi da muka karanta a darasin tsarin sauti. Harafin farko na kalmar asali ba ya cikin daidaitacciyar Hausa, don haka ya koma f, kamar yadda ya faru a fensir da fasinja da famfo. Baƙaƙen da suka haɗu a tsakiya kuma na raba su da wasali, kamar a tirela da firamare. Ta haka aka sami fositiron. Dangantakarsa da ilektiron kuwa ba ta ba ni wahala ba, domin a nahawu muna cewa fari kishiyar baƙi ne. Fositiron kishiyar ilektiron ne.

Idan su biyun suka haɗu, dukansu sai su ɓace. A madadinsu sai haske mai tsananin ƙarfi ya fito, wanda ake kira hasken gamma, galibi tsirkiya biyu, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ma'aunin da ake auna kuzarin waɗannan ƙananan abubuwa shi ne ilektiron-bolt, a taƙaice eV. Hasken da ido ke gani yana da eV 2 zuwa 3 ne kawai. Kowace tsirkiya ta wannan haɗuwa kuwa tana da eV 511,000. Da farko na so in kira wannan al'amari mutuwar kasko, kuma har yanzu ina jin daɗin furucin. Amma na fasa, domin a mutuwar kasko kowa ya yi asara, ba abin da ya rage. A nan babu abin da ya salwanta, nauyin ƙwayoyin biyu ne ya rikiɗa ya zama haske, daidai wa daida. Sai na zaɓi shafe juna.

Rayuwar fositiron a cikin ƙarfe

Masu bincike suna samun fositiron daga wasu sinadarai masu fitar da shi da kansu. Wanda aka fi amfani da shi shi ne sodiyam-22, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 2.6. Fositiron yana fitowa daga cikinsa da gudu mai tsanani, kuzarinsa kan kai eV dubu ɗari biyar da 'yan kai.

Mai karatu zai yi zaton da zarar ya faɗa cikin ƙarfe, inda ilektiron suke maƙil, nan take za a shafe shi. Ni ma haka na zata. Ashe ba haka ba ne. Muddin yana cikin gudu, da wuya haɗuwar ta auku. Sai ya yi ta karo da ilektiron da zarra, kowane karo yana rage masa kuzari, har ya huce. Wannan hucewa tana ɗaukar 'yan fikosakan, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Bayan ya huce sai ya shiga gantali a tsakanin layukan zarra, yau nan gobe can, ba tare da wata alƙibla ba. A yawancin ƙarafa yakan rayu fikosakan 100 zuwa 200 kafin a shafe shi, a alminiyam kusan 160. A cikin wannan ɗan lokaci yakan yi nisan kimanin nanomita 100, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba.

Abubuwa biyu ne ke juya wannan yawo nasa. Na farko, cibiyoyin zarra suna da caji irin nasa, don haka suna ture shi, shi kuma yana raɓewa ta lungunan da suka fi nisa da su. In ya ci karo da wurin da zarra ɗaya ta ɓace daga layi, abin da na kira giɓi, sai ya faɗa ciki ya zauna, tun da a nan babu mai ture shi. Ilektiron ba su da yawa a giɓi, saboda haka yakan fi daɗewa a raye. Da wannan ƙarin kwana ne masana ke gane ƙarfen da ya fara gajiya tun kafin ido ya ga tsaga. Na biyu, shi yana jan ilektiron, don haka duk inda ya nufa sai su taru a kansa kamar ƙuda a kan mangwaro. Baƙo ne da ke tara wa kansa masu hallaka shi.

To, idan gantalin nan ya kai shi bakin ƙarfen kafin a shafe shi fa? A nan ne ainihin babin ya fara.

Wace kalma ce ta dace da wurin?

Wurin da ake magana shi ne inda sandararren abu ya ƙare, sarari marar iska ya fara. Layin zarra na ƙarshe ke nan, da ɗan abin da ke bisansa. Na gwada kalmomi huɗu. Sama ba ta yi ba, domin wurin yana iya kasancewa a gefe ko a ƙasa. Doro ma haka, ga shi kuma yana kawo wa mutum tunanin tudu. Fata ta fi kusa, amma fata wata aba ce daban da ake iya feɗewa, alhali wannan wuri da cikin ƙarfen abu ɗaya ne. Na tsaya a kan fuska, saboda ita ce ɓangaren abu da ke kallon waje, kuma muna da fi'ilin fuskanta a shirye.

Kada a raina wannan layi guda. A nan tsatsa ke farawa. A nan sinadarai ke haɗuwa a cikin na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansar mota. Kuma yayin da kayan cikin wayar hannu suke ƙara ƙanƙancewa, rabon da fuska ke ci a jikinsu yana ƙara yawa.

Kuɗin ƙofa

Ilektiron ba ya fita daga ƙarfe a banza. Sai an ba shi wani kuzari, a yawancin ƙarafa eV 4 zuwa 5. Wannan adadi na kira kuɗin ƙofa, kamar abin da ake biya kafin a bar mutum ya wuce.

Wani ɓangare na wannan kuɗi daga fuskar kanta yake fitowa. Ilektiron ba sa tsayawa cak a layin zarra na ƙarshe, sukan ɗan tumbatsa waje, kamar fura da ta cika ƙwarya. Sakamakon haka sai a sami shimfiɗa biyu a fuskar: ta waje mai cajin ɗebewa, ta ciki mai cajin tarawa, inda ilektiron suka baro. Ilektiron da ya zo fita, shimfiɗar waje ta tura shi baya, ta ciki kuma ta ja shi baya. Ƙofa ta rufe ke nan.

Yanzu sai mu sa fositiron a wannan wuri. Cajinsa kishiya ne, don haka komai ya juye. Shimfiɗar ciki tana tura shi waje, ta waje kuma tana jan sa waje. Gaskiya ne ilektiron ɗin da suka taru a kansa a cikin ƙarfe suna riƙe shi, amma a wasu ƙarafa turin ƙofa ya fi riƙon ƙarfi. A irin waɗannan, kuɗin ƙofar fositiron yana ƙasa da sifiri. A tangistin, ƙarfen da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi, adadin kusan eV 3 ne ƙasa da sifiri. Ma'ana, fositiron ba ya biyan komai, hasali ma ƙarfen ne ke ba shi guzirin eV 3 ya kore shi. Nikel ma yana cikin masu kora. Ba duk ƙarafa ne ke haka ba, zinariya alal misali ba ta korar sa.

A ganina wannan shi ne abu mafi kyau a babin baki ɗaya. Ƙofa ɗaya ce, ba a sauya mata komai ba, amma ta tsare ɗan gida ta kori baƙo, kuma alamar caji kaɗai ce ta bambanta su.

Wannan kora tana da amfani a aikace. Fositiron da ke fitowa daga sodiyam-22 gudunsu ya yi yawa, kuma kowanne da nasa, ba a iya sarrafa su. Sai a sa siririn fallen tangistin a gabansu. Yawancinsu sukan nutse can ciki a shafe su, ko su ratsa su wuce. Amma 'yan kaɗan da suka huce kusa da fuska, cikin nanomita 100 ɗin nan, sukan iso ƙofa a kore su, dukansu da kuzari kusan ɗaya. Asarar tana da yawa, domin cikin dubu ko ma dubu goma da ƙyar ake samun ɗaya. A 1986 Allen Mills da wani abokin aikinsa suka nuna cewa iskar niyon da aka daskarar ta fi kyau, tana bayar da kusan ɗaya cikin ɗari. Da waɗannan fositiron masu tafiyar hawainiya ake yin duk binciken fuska, domin ana iya saita zurfin da za su nutse.

Abin da ke jiran sa a fuska

Fita tsirara, wato fositiron shi kaɗai, hanya ɗaya ce. Akwai wasu.

Yana iya ɗauko ilektiron guda a kan hanyarsa ta fita, su riƙe juna, su zama wata 'yar zarra marar nauyi da ake kira fositironiyam. Martin Deutsch ne ya fara gano ta a 1951 a Amurka, amma a cikin iska. A 1974 ne Canter da Mills da Berko, a Jami'ar Brandeis, suka nuna cewa tana fitowa daga fuskar sandararrun abubuwa da yawa. Abin lura shi ne ba ta iya samuwa a cikin ƙarfe, domin ilektiron sun yi cunkoso, fositiron ba ya iya keɓe ɗaya ya riƙe. Sai a bakin ƙofa, inda taron ya fara watsewa. Lissafin ma mai sauƙi ne, ko ɗalibin harshe zai iya. Haɗuwar su biyun tana samar da eV 6.8. A tangistin, fitar da ilektiron yana cin kusan 5, fitar da fositiron kuma yana mayar da kusan 3, saura 2 ke nan za a biya. In an cire 2 daga 6.8, rarar ta kusa 5, ita ce fositironiyam ke gudu da ita.

Fositironiyam iri biyu ce, gwargwadon yadda ƙwayoyin biyu suka daidaita juyinsu. Ɗaya tana rayuwa fikosakan 125 ta ƙare da tsirkiya biyu. Ɗayar kuwa, wadda ta ninka ta uku a yawa, tana kai nanosakan 142, wato fiye da ninki dubu, ta ƙare da tsirkiya uku. Ta hanyar ƙirga wannan bambanci ake sanin yawan fositironiyam da fuska ta fitar.

Hanya ta uku ta fi ba ni mamaki. Fositiron ya fita daga ƙarfe, amma bai tafi ba. Da yake yana jan ilektiron, sai su taru a fuskar daidai ƙarƙashinsa, su kuma su ja shi. A lissafi, abin yana kama da a ce akwai wani mai kishiyar cajinsa a cikin ƙarfen, a nisa daidai da nasa, kamar surar mutum a madubi. Shi ya sa na kira shi jan madubi. Cibiyoyin zarra sun hana shi komawa ciki, jan madubi ya hana shi tafiya, sai ya maƙale a wani ɗan kwari da ke bisa layin ƙarshe. Ba ya ciki, ba ya waje, yana zaure. Ilektiron kaɗan ne a can, don haka yana daɗewa. A 1984 Kelvin Lynn da abokan aikinsa suka auna rayuwarsa a fuskar alminiyam, suka sami kusan fikosakan 580, fiye da ninki uku na rayuwarsa a ciki. In kuma aka ɗumama ƙarfen, zafi yakan ba shi ɗan kuzarin da zai fizgi ilektiron ya tsere a matsayin fositironiyam. Mills da Lynn, kowa a nasa ɗakin bincike, sun nuna haka a ƙarshen shekarun 1970.

Shaidar wanda ya zauna a zaure

Me ya sa masana suka damu da duk wannan? Saboda wanda ya zauna a zaure, mutanen zaure kawai yake gani. Tsoffin dabarun binciken fuska suna harba ilektiron ne, shi kuma ilektiron fuska jan sa ciki take yi, sai ya nutse layuka da dama. Labarin da yake dawowa da shi gauraye ne, na fuska da na ciki.

A 1988 Alex Weiss da abokan aikinsa a Jami'ar Tekzas da ke Arlington suka fito da wata dabara. Fositiron da ke maƙale a fuska yawanci da ilektiron na nesa da cibiya yake shafe juna, amma jefi-jefi yakan sami na kusa da cibiya. In haka ta faru, an bar gurbi a cikin zarrar. Wani ilektiron na sama ya faɗo ya cike gurbin, rarar kuzarin kuma ta harbo wani na uku waje. Wannan al'amari da sunan Bafaranshe Pierre Auger aka san shi, duk da cewa Lise Meitner ma ta bayyana shi a farkon shekarun 1920. Kuzarin ilektiron da aka harbo ya danganta da irin zarrar, na jan ƙarfe daban, na zinariya daban, tamkar sa hannu. Tun da fositiron a bisa layin ƙarshe yake zaune, kusan duk sa hannun da aka karanta na wannan layi ne. Ga shi kuma a hankali ake turo shi, ba ya farfasa abin da aka zo dubawa.

A Garching, kusa da birnin Munik na Jamus, akwai na'urar nukiliya ta bincike da ta riƙa samar da fositiron masu sanyi kusan biliyan ɗaya a kowace sakan. A can ne a 2010 aka shimfiɗa jan ƙarfe siriri a kan faladiyam, aka zuba ido ana ganin yadda zarrar faladiyam ke tasowa sannu a hankali tana mamaye layin sama. Wannan yana da muhimmanci ga masu haɗa sinadaran tace hayaƙi da makamantansu, domin abin da ke layin sama shi ne ke aiki, ba abin da aka rubuta a kwali ba.

A Japan kuma wata hanya suka bi. Ayahiko Ichimiya ya ba da shawara a 1992 cewa in aka harbo fositiron a karkace ƙwarai, kusan kwance da fuska, turin cibiyoyin zarra zai hana shi nutsewa gaba ɗaya, ya yi tsalle ya wuce kamar faffaɗan dutse da yara ke jefawa a kan ruwan kududdufi. An gwada a 1998, abin ya tabbata. Zanen da fositiron ɗin suka bari a allo yana nuna matsayin kowace zarra ta layin farko. Ilektiron ba zai iya wannan tsalle ba, saboda shi jan sa ake yi. A cibiyar KEK da ke Tsukuba, da wannan dabara aka warware tsarin wata fuska ta sinadarin titaniyam da oksijin a 2016, bayan an shafe kusan shekara talatin ana gardama a kansa.

Akwai kuma fuskar da ke ɓoye a ciki. Wasu abubuwa kamar silika ana iya yin su da ƙananan ramuka bila adadin, irin na soso, kuma bangon kowane rami fuska ce. A 2007 David Cassidy da Allen Mills, a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, suka tara fositiron miliyoyi suka harba su gaba ɗaya cikin irin wannan silika. Fositironiyam suka cika ramukan, har biyu suka haɗu suka zama abu guda mai ilektiron biyu da fositiron biyu, abin da John Wheeler ya yi hasashensa tun 1946. A sarari zalla wannan haɗuwa tana da wuya, domin in biyu suka manne dole rarar kuzarinsu ta sami inda za ta tafi, in ba haka ba su sake rabuwa. Bangon ramin ne ya karɓi rarar.